Cuta a huhu, rauni a hanta: ina hannun ƙarfen jini a ciki?

A farkon 2020, lokacin da asibitocin Wuhan na ƙasar Sin suka cika da masu korona, hankalin kowa yana kan huhu, domin sarƙewar numfashi ce ke kashe mutane. Amma takardun gwajin jini suna ta nuna wani abu a gefe. Sinadaran ALT da AST, waɗanda zamansu a cikin ƙwayoyin hanta yake kuma ba sa yawaita a jini sai ƙwayoyin sun ji rauni, sun haura a wurin majinyata da dama. Da aka tattara rahotannin farko, adadin masu irin wannan sakamako ya kama daga kashi 14 zuwa kashi 53 cikin ɗari, gwargwadon asibiti da tsananin cutar. Abin ba sabo ba ne. An ga haka a annobar SARS ta 2003, an kuma gani a murar H1N1 ta 2009. To me ya kai cutar da aka shaƙa ta hanci zuwa hanta?

Amsar da ta fi sauƙin zuwa ita ce ƙwayar cutar ta bi jini ta shiga hantar. Wannan yana faruwa, amma bai isa ya bayyana abin da ake gani ba. Ƙofar da ƙwayar korona ke shiga ta cikinta, wani furotin mai suna ACE2, ba ta da yawa a jikin ainihin ƙwayoyin hanta. Ta fi yawa a ƙwayoyin da suka shimfiɗe hanyoyin matsarmama. Da shigar ƙwayar cutar kai tsaye ce babban dalili, da alamun toshewar matsarmama ne za su yi gaba, alhali ALT da AST ne suka fi tashi. Mura kuwa ta fi haka ban mamaki. A 2006 masu bincike a Jami'ar Rochester ta Amurka sun nuna cewa ɓerayen da aka sa wa ƙwayar mura suna samun kumburin hanta, ba tare da an ga ƙwayar cutar a hantar ba. Abin da aka gani su ne ƙwayoyin garkuwar jiki da aka tayar domin yaƙin huhu, sun biyo jini sun maƙale a hanta, suna ɓarna a inda babu abokin gaba.

Akwai sauran dalilai da likitoci suka daɗe da sani. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shiga hanta daga hanji yake fitowa, jinin da an riga an sha wani ɓangare na iskar oksijin ɗinsa, saboda haka ko lafiya lau tsakiyar kowane gungun ƙwayoyin hanta a ƙarancin iska take rayuwa. Idan huhu ya kasa, nan ne ke fara jigata. Ga kuma magunguna, waɗanda kusan dukkansu ta hanta suke bi. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ya faɗi abin da ya taɓa hantar ne kawai, bai faɗi yadda ita ƙwayar hantar ke mutuwa ba. A nan maganar ƙarfe ta shigo.

A watan Maris na 2020 mujallar Lancet ta buga bayanin majinyata 191 daga asibitoci biyu na Wuhan, 54 daga cikinsu sun rasu. Matsakaicin feritin a jinin waɗanda suka rasu ya kai kusan 1,435, na waɗanda suka rayu kuwa kimanin 503, a ma'aunin da lafiyayyen namiji ba ya cika wuce 300. Feritin furotin ne da jiki ke ajiye ƙarfe a cikinsa, guda ɗaya yana iya ɗaukar ƙwayoyin zarra na ƙarfe har kusan 4,500. Hanta kuwa ita ce babbar ma'ajiyar ƙarfen jiki.

Babban mutum yana da giram 3 zuwa 4 na ƙarfe a jikinsa, kusan kashi biyu cikin uku a jajayen ƙwayoyin jini, inda yake ɗaukar iska. Abin da hanji ke tsotsa daga abinci a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba, amma ɓargo yana bukatar miligiram 20 zuwa 25 kullum don ƙera sabon jini. Cikon yana fitowa ne daga tsofaffin ƙwayoyin jini: idan sun yi kwana 120 ko kusa da haka, wasu manyan ƙwayoyin garkuwa a saifa da hanta su haɗiye su, su ciro ƙarfen su mayar cikin jini. Abin lura shi ne jikin ɗan'adam ba shi da hanyar fitar da ƙarfe idan ya yi yawa. Gishiri ya yi yawa, ƙoda ta fitar. Ƙarfe kuwa sai ɗan abin da ke bin zubar jini da saɓar fata da ta hanji. Saboda haka iko ɗaya da jiki ke da shi a kansa shi ne ya hana shi shiga, ko ya kulle shi.

Mai wannan aikin kullewa wani ƙaramin sinadari ne da hanta ke yi, hefsidin, wanda aka gano a 2000 da 2001. A 2004 Elizabeta Nemeth da Tomas Ganz na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, tare da abokan aikinsu, suka nuna yadda yake aiki. Ƙofa ɗaya ce tak da aka sani ƙarfe ke fita daga cikin ƙwaya ta cikinta, sunanta ferofotin. Hefsidin ya kama ta, sai ƙwayar ta janye ƙofar ciki ta narkar da ita. Sun kuma nuna cewa IL-6, ɗaya daga cikin saƙonnin da garkuwar jiki ke aikawa idan cuta ta shigo, shi ke umartar hanta ta ƙara hefsidin. Cikin 'yan sa'o'i ƙarfen da ke yawo a ruwan jini ya faɗi ƙasa warwas.

Dabara ce ta hana abokin gaba abinci, domin ƙwayoyin bakteriya da na zazzaɓin cizon sauro ba sa hayayyafa sai da ƙarfe. Ɗaya daga cikin shaidun farko a kan haka daga yankinmu ta fito. A lokacin farin Sahel na shekarun 1970, wasu likitoci 'yan gida ɗaya masu suna Murray da ke aiki a wani asibiti a gabashin Nijar sun lura cewa mutanen da yunwa ta galabaitar sukan kamu da zazzaɓin cizon sauro 'yan kwanaki bayan sun fara samun abinci, daidai lokacin da ƙarfen jininsu ya tashi. Sun buga wannan a 1975. Shekaru talatin bayan haka, wani babban gwaji a tsibirin Pemba na Tanzaniya, da ya ƙunshi yara kimanin 24,000, an dakatar da ba da ƙarfe a cikinsa tun kafin wa'adi, saboda yaran da ake ba ƙarfen da folik asid sun fi sauran kwanciya asibiti ko mutuwa da kashi 12 cikin ɗari.

Matsalar ita ce IL-6 ba ya tambayar wace irin cuta ce ta shigo. Ƙwayar bairos ba ta cin ƙarfe kamar yadda bakteriya ke yi, amma mura mai tsanani da korona suna tayar da IL-6 sosai, hefsidin ya bi, ƙofofi su rufe. Ƙarfen da ya ɓace daga jini bai bar jiki ba. Yana nan a cunkushe cikin ƙwayoyin garkuwa na hanta da saifa da kuma ainihin ƙwayoyin hantar, kuma kullum ana ƙara musu na tsofaffin ƙwayoyin jini. Shi ya sa majinyaci ɗaya zai iya nuna ƙarancin ƙarfe a ruwan jini da kuma feritin da ya wuce dubu a takarda ɗaya, abin da ke ruɗar wanda bai san zancen ba.

Muddin ƙarfen yana cikin feritin, ba shi da illa. Illar tana ga ɗan ƙalilan da ke sake a cikin ƙwaya. Tun 1894 wani masanin sinadarai ɗan Ingila, Henry Fenton, ya lura cewa idan ƙarfe ya gamu da haidirojin feroksaid, sai su koma wani abu mai cin duk abin da ya taɓa. Haidirojin feroksaid ɗin nan, wanda ake wanke miki da shi, ƙwayoyin jiki suna samar da shi da kansu, kuma suna ƙara yawansa lokacin yaƙi da cuta. Bangon kowace ƙwaya kuwa da maiƙo aka yi shi, wani ɓangarensa irin maiƙon nan ne mai saurin lalacewa. Duk mai tuyar ƙosai ta san cewa man gyaɗan da aka bari a gwangwani mai tsatsa, a cikin zafi, baki buɗe, yana saurin canza wari ya riƙa kartar maƙogwaro. Abin da ke faruwa da man shi ne ke faruwa da bangon ƙwaya: ƙarfe ya kunna, iska ta shiga maiƙon, ƙwayar maiƙo ɗaya da ta lalace ta lalata ta kusa da ita, ita ma ta lalata ta gaba, har bangon ya huje, abin da ke ciki ya zube. ALT da AST suna cikin abin da ke zubewa.

An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin hatsari kawai. Abin da ya canza tunani shi ne aikin ɗakin binciken Brent Stockwell, wanda ya koma Jami'ar Kolambiya da ke New York a 2004. Suna neman sinadaran da za su kashe ƙwayoyin kansa ne, a 2003 suka samu wani mai suna erastin wanda ke kashewa ta hanyar da ba ta yi kama da sanannun hanyoyin mutuwar ƙwaya ba. Tsakiyar ƙwayar ba ta farfashe, sai dai injinan samar da ƙarfinta su tsuke. Magungunan da ke hana sauran nau'o'in mutuwa ba sa hana wannan, amma da an sa maganin da ke kama ƙarfe, ko wanda ke kare maiƙo kamar bitamin E, sai ƙwayar ta rayu. A 2012 Scott Dixon da Stockwell suka ba wannan hanyar mutuwa suna feroptosis, wato mutuwar ƙwaya da ƙarfe ke jawowa. A 2014 aka tabbatar cewa babban abin da ke tare ta shi ne wani furotin mai suna GPX4, wanda Fulvio Ursini ya gano a Padua ta Italiya tun 1982.

GPX4 yana bin bangon ƙwaya yana gyara maiƙon da ya fara lalacewa kafin ya harbi na kusa da shi. Yana bukatar abu biyu. Na farko seleniyam, wanda ake gina shi da shi, kuma daga abinci ake samu. Na biyu gulutatayon, wanda yake ƙonawa a kowane gyara, kuma ana yin sa ne da sinadaran furotin na abinci, musamman sistin. Hanta ce ta fi kowace gaɓa yin gulutatayon. Yadda take dogara da wannan kariya ya fito fili a wani gwaji na 2016: ɓerayen da aka cire wa GPX4 a hanta kaɗai sun mutu cikin kwana biyu da haihuwa, ƙwayoyin hantarsu a lalace. Da aka ciyar da iyayensu mata abinci mai yawan bitamin E, 'ya'yan suka rayu.

Idan aka haɗa waɗannan a jikin mai fama da cutar numfashi mai tsanani, ga abin da ake tuhuma. Hefsidin ya tara ƙarfe a hanta. Garkuwar jiki tana zuba haidirojin feroksaid. Majinyaci ya yi kwanaki bai ci abin kirki ba, gulutatayon yana raguwa. Iska tana yankewa tana dawowa, yanayin da aka sani yana jawo irin wannan mutuwa a hanta da ƙoda. Sannan ita kanta ƙwayar cutar tana iya sa hannu: an nuna a ƙwayoyin da ake reno a ɗakin gwaji cewa korona tana rage umarnin yin GPX4, an kuma nuna cewa ƙwayar mura tana iya tayar da NCOA4, furotin ɗin da ke kai feritin wurin narkarwa ya saki ƙarfen da ke ciki. A 2024 ɗakin Stockwell ya duba huhun mutanen da korona ta kashe, ya samu tarin ƙarfe da lalataccen maiƙo, kuma maganin hana feroptosis ya rage raunin huhu a wasu ƙananan dabbobin gwaji da aka sa wa cutar.

Labarin ya haɗu da kyau, kuma kyan haɗuwar tasa ce ke sa ni taka-tsantsan. Shaidar da ta fi ƙarfi a jikin mutum daga huhu take. Ta hanta kuwa, mafi yawanta daga ɓeraye ne da ƙwayoyin cikin kwano, kuma ƙwayar cikin kwano tana zaune ne a iskar ɗaki mai oksijin kashi 21 cikin ɗari, ninkin abin da ƙwayar hanta ke gani sau da yawa, don haka maiƙonta ya fi saurin lalacewa. Har yau babu gwajin jini ɗaya da likita zai yi ya ce wannan hanta feroptosis ce ke cin ta. Feritin ma da aka fara zancen da shi shaida ce mai fuska biyu: kumburi kaɗai yana ɗaga shi ko ƙarfe bai ƙaru ba, kuma ƙwayar hanta da ta mutu da kowane dalili tana zubar da nata cikin jini. Wato yana iya zama sakamakon ɓarnar, ba musabbabinta ba. Akwai ma inda lalacewar maiƙon ke taimakon jiki: an nuna cewa tana daƙile hayayyafar ƙwayar ciwon hanta nau'in C.

Ya kamata kuma a faɗi girman abin yadda yake. A yawancin masu korona da mura, ALT da AST ba sa wuce ninki biyu ko uku na iyakar lafiya, kuma sukan sauko da kansu idan an warke. Hanta gaɓa ce mai sake tofo. Waɗanda abin ke yi wa tsanani su ne masu tsohon rauni. A wani nazari na majinyata 745 masu ciwon hanta daga ƙasashe da dama, kashi 32 cikin ɗari na waɗanda hantarsu ta riga ta ƙanƙance sun rasu da korona, idan aka kwatanta da kashi 8 na waɗanda ba ta kai ga haka ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin ɗari na manya a Najeriya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, akasarinsu ba su sani ba. Ga masu sikila, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu. Kowace ledar jini da aka ƙara wa mutum tana ɗauke da miligiram 200 zuwa 250 na ƙarfe, fiye da abin da hanji zai tsotsa a wata uku, kuma babu hanyar fita. Mai sikila da aka sha ƙara wa jini yana shiga murar hunturu da hantar da ta riga ta cika. Ga kuma yara masu tamowa mai kumburi. Tun 1987 Michael Golden, yana aiki a Jamaika, ya nuna cewa irin waɗannan yara suna da ƙarancin gulutatayon da yawan ƙarfe a ajiye, hantarsu kuma cike da kitse. Ka'idar Hukumar Lafiya ta Duniya da ake bi a cibiyoyin tamowa na Katsina da Maraɗi ta hana ba su ƙarfe a kwanakin farko, ko da jininsu ya yi ƙasa, sai sun fara cin abinci suna ƙara nauyi. Ma'aikatan jinya suna bin wannan tun kafin a raɗa wa feroptosis suna.

Sai abin da ke faruwa a kemis. Mai mura ya zo, jiki na ciwo, a haɗa masa farasitamol, da maganin mura na haɗi wanda shi ma akwai farasitamol a ciki, wani lokaci a ɗora da kwalbar maganin ƙarin jini saboda ya ce ba shi da ƙarfi. Iyakar farasitamol ga babba mai lafiya giram 4 ne a sa'o'i 24, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, kuma na cikin maganin murar ma a lissafin yake. Hanta tana mayar da wani ɓangare nasa guba, gulutatayon ne ke kashe gubar. Wanda ya kwana uku bai ci ba, ko mai shan giya, ko mai tsohon ciwon hanta, gulutatayon ɗinsa ya riga ya yi ƙasa. Ko gubar farasitamol feroptosis ce, masana ba su daidaita ba. Hartmut Jaeschke na Jami'ar Kansas, wanda ya shafe shekaru a kan wannan guba, yana ganin ba ita ce hanyar mutuwar ba a yanayi na yau da kullum, sai idan ƙarfe ya yi wa hantar yawa, a nan lalacewar maiƙo ke zama babba. Wannan sharaɗin nasa shi ne ainihin abin da kwalbar ƙarin jinin ke iya kusantowa, ga shi kuma hefsidin ya rufe ƙofar hanji, amfanin da ake nema ma ba zai samu sosai ba sai zazzaɓin ya sauka. Ba ina nufin mai juna biyu ta ajiye ƙwayoyin da aka ba ta a awo ba. Ƙarancin jini yana kashe mata da yara a nan fiye da yawan ƙarfe nesa ba kusa ba. Maganar ta wanda ya sayo wa kansa ce a tsakiyar zazzaɓi, ba tare da an auna jininsa ba.

Asfirin kuwa labarinsa daban, amma ya nuna yadda mura da magani ke haɗuwa a kan hanta. A 1963 Douglas Reye, likita a Sidni ta Ostireliya, ya bayyana wata cuta ta yara mai kumbura ƙwaƙwalwa da cika hanta da kitse bayan mura ko ƙarambau. A 1980 an samu yara 555 da ita a Amurka. Da aka gano alaƙarta da asfirin aka yi gargaɗi, ta koma 'yan ƙalilan a shekara.

Tun da ana tuhumar ƙarfe, me zai hana a ba masu cutar numfashi maganin kama shi? Akwai irinsa, difiroksamin, wanda aka daɗe ana ba waɗanda aka yawaita ƙara wa jini. Sai dai wani naman gwari mai suna Rizofus yana iya karɓar ƙarfen daga jikin maganin ya ci, kuma Rizofus ɗin ne babban mai haddasa cutar baƙin naman gwarin da ta kama fiye da mutum 40,000 a Indiya a 2021, akasarinsu masu ciwon suga da suka yi korona aka ba su magungunan danne garkuwa. Ta ɓangaren ƙara kariya ma an gwada. Asitailsistin, maganin da ke farfaɗo da gulutatayon kuma yake ceton wanda ya sha farasitamol fiye da kima, an ba shi masu korona mai tsanani a wani gwaji a Sao Paulo ta Birazil, bai rage yawan waɗanda suka bukaci na'urar numfashi ba. Ferostatin, wanda ke hana feroptosis sarai a cikin kwano, jini yana saurin narkar da shi, shi ya sa ake ta ƙera wasu da za su fi jimawa, kuma babu ko ɗaya da aka amince a ba mutane tukuna. Magungunan da suka rage mutuwar masu korona a gwajin RECOVERY na Birtaniya, deksametason a 2020 da tosilizumab a 2021, kumburin suke dannewa tun daga sama. Na biyun IL-6 yake tarewa, wato saƙon da ke tayar da hefsidin, kuma shi kansa yana cikin magungunan da ke ɗaga ALT, saboda haka ana auna hantar majinyaci kafin a ba shi da kuma bayan an ba shi.